Yadda ake ciro distiributan da ya cije a injin tsohuwar mota ba tare da an fasa shi ba

Duk wanda ya taɓa tada motar da ta daɗe a ajiye ya san wannan ciwon kai. Ka sa batir, ka wanke kafireta, ka canza fulogi, mota ta yi tari ta tashi amma tana ta harbi, sai ka ce bari in gyara taimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, ka sassauta notin kilam, ƙarfen da ke matse distiributa a wurinsa, ka kama distiributan, wato abin da ke rarraba wuta ga fulogogi, za ka murɗa, ko gezau. Kamar an yi masa walda da injin. A nan ne yawancin masu koyo suke ɗauko taya liba, kuma a nan ne ake yin asara.

Ni ma da taya liba na fara. Ina yaron gareji aka kawo wata Peugeot 504 da ta shekara biyar ƙarƙashin darbejiya, maigidana ya fita sallar azahar ya ce in cire masa distiributa kafin ya dawo, na zura liba ta gefe ɗaya na danna da ƙarfina, sai na ji ƙas. Kan ya ɓalle, wuyan yana nan cikin injin. Aikin da zai ci kwana biyu ya ci mana sati, ni kuma na sha faɗan da har yau ban manta ba. Tun daga ranar na cire irinsu da yawa, kuma abin da na gane shi ne distiributan da ya cije sai ya juya tukuna yake fita. Ka samu ya motsa hagu da dama ko da kaurin farce ne, to ka ci rabin aikin. Ja sama shi ne na ƙarshe.

Da 504 zan riƙa misali don ita ce a hannunmu, tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna kuma 504 ba ta bar layi ba sai tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa har yanzu akwai ta a gidaje da tashoshi. Amma hanyar ɗaya ce a Land Rover ta da, Land Cruiser mai injin 2F, Volkswagen Beetle da manyan injinan Amurka, inda suka bambanta zan faɗa. 'Yan'uwanmu na Nijar delko suke ce masa, kamar yadda Faransawa ke faɗa, to abu ɗaya ne.

Me ke sa ya cije

Jikin distiributa yawanci alminiyam ne, bulok ɗin 504 kuma ƙarfen zubi. Idan ƙarfe iri biyu suka zauna manne da juna kuma danshi ya shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa, yana fitar da wani farin gari kamar kanwa. Garin nan ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, sai ya cika ɗan sararin da ke tsakanin wuyan distiributa da raminsa ya matse shi ta ko'ina. Ƙari a kan haka bakin mai da ya shekara yana dahuwa a wurin yakan daskare kamar ƙaro, in kuma akwai zoben roba a wuyan to ya bushe ya zama kamar ƙashi. Wankin inji da ruwa mai ƙarfi da yara ke yi a wurin wankin mota shi ke kai ruwan can ciki.

Abu ɗaya kuma ka riƙe: alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi. Wato in ka gasa distiributan kansa ƙara matsewa zai yi a ramin. Za mu dawo kan wannan.

Kayan aiki

Sifanun da suka dace da notin kilam da na batir, sifanar fulogi, sukudireba.
Burushin waya da tsummoki masu tsabta da yawa.
Man jiƙa tsatsa. Na gwangwani irin WD-40 yana yi amma ruwa-ruwa ne yana saurin bushewa. Wanda na fi yarda da shi haɗin gida ne, man giyar otomatik rabi, asiton rabi, a girgiza duk lokacin da za a zuba don rabuwa suke yi. Ba asiton? Sa kananzir ko dizal a madadinsa, zai fi jinkiri amma yana aiki.
Sirinji ko 'yar butar mai, don ka kai man daidai inda kake so.
Ƙaramar guduma, da guntun katako mai tauri ko sandar tagulla. Ba a dukan alminiyam da ƙarfe kai tsaye.
Sifanar cire filtar mai, mai bel. In babu, tsohon fambel da filaya mai kulle.
Liba biyu masu tsawo ɗaya, da katako biyu da aka fiƙe kamar bakin gatari.
Butar shayi don tafasa ruwa, ƙanƙara a leda, in kana da bindigar iska mai zafi ta masu fenti to madalla.
Jan farce ko farin fenti, ƙusa mai tsini, da wayarka don hoto.
Mayen ƙarfe ɗan ƙarami.
Samfefa mai laushi, lamba 400, giris, sabon zoben roba, da bakin mai da filta don canji a ƙarshe.
Bokitin yashi ko abin kashe gobara, ajiye shi inda hannunka zai kai.

Wasu kanikawa man birki suke zubawa. Yana ratsawa, ban musa ba, amma yana cin fenti, yana lalata robar da aka yi don bakin mai, kuma duk abin da ka zuba a wuyan nan wani kaso zai gangara cikin injin. Ni ba na sa shi.

1. Tabbatar da abin da ya cije

Cijewa iri biyu ce kuma mutane na haɗa su. Akwai jikin da ya manne a rami, akwai kuma shaf ɗin ciki da ya kafe a bushinsa. Cire murfi, kama rota, wato ɗan abin nan mai hanci da ke kan shaf yana juyawa, ka ɗan murɗa ta, ya kamata ta tafi kaɗan ta dawo da kanta saboda sifirin ɗin da ke ƙasa. Sannan ka juya injin da hannu a hankali, da sifana a notin fule ko ka sa giya huɗu a ɗan tura motar, kana kallon rota. In tana bin injin to shaf lafiya lau, jiki ne kawai ya manne. In injin ya ɗan tafi ya tsaya cak, ko yana juyawa rota na tsaye, ka dakata, kar ka kuskura ka buga sitata, don ƙarfin sitata zai iya karya fil ko ya cinye haƙoran giyar da ke kan kamshaf, kuma wannan sai an sauke inji.

2. Yi alama kafin ka taɓa komai

Cire kan batir na negetib. Sannan kawo silinda ta ɗaya saman bugunta na matsa iska: cire fulogin, toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya injin har ka ji iska na ture yatsan, sai a ci gaba a hankali har fistin ya kai ƙarshen hawansa. Hattara a nan, Peugeot daga wajen fulawil take fara ƙirga silinda, wato lamba ɗaya ita ce ta kusa da gilashin gaba, ba ta kusa da lagireto ba. Na ga waɗanda suka wuni suna neman wuta saboda wannan kaɗai. Jerin wutar 504 shi ne 1-3-4-2, na Beetle 1-4-3-2.

Yanzu alama uku. Ɗaya a bakin jikin distiributa daidai inda hancin rota ke kallo. Ta biyu layi ɗaya da ya taso daga gindin distiributa ya sauka kan ƙarfen da yake zaune a kai, wannan da ƙusa za ka karta shi, don fenti man da za ka zuba zai wanke shi. Ta uku, lamba a kan kowace wayar fulogi. Ɗauki hoto ta sama da ta gefe. Daga nan kar injin ya sake juyawa, fitar da giya, ja birkin hannu, ka faɗa wa yaran gareji kar wanda ya taɓa.

In motar tana tashi kuma kana son amfani da zafin injin kamar yadda zan faɗa a mataki na biyar, to alamar gindi kawai za ka yi yanzu, sauran ka bari sai ya fara motsi.

3. Share fili

Cire murfi da wayoyinsa gaba ɗaya ka ajiye gefe, cire rota, cire siririyar wayar da ta zo daga kwayil, cire tiyon bakyum. Gwangwanin bakyum ɗin nan da ke gefe, in sukurorinsa za su kwantu to cire shi ma, don muddin yana wurin hannunka zai kai kansa, ya yi kama da mariƙi sosai, kuma gwangwani ne kawai, murɗa ɗaya ya lanƙwashe. Kwandansa ma in a waje yake cire shi.

Kilam kuma kar ka tsaya a sassautawa, fitar da notin gaba ɗaya, in irin mai matse wuya ne buɗe bakinsa da sukudireba ka tabbatar shi kansa yana yawo. Sau biyu ana kirana kan distiributa ya cije, in je in tarar akwai noti na biyu a ɓoye ƙarƙashin datti. Shafa da yatsa ka zagaye gindin duka. Sannan burushin waya, ka kankare laka da busasshen mai har sai ka ga layin da jikin ya haɗu da raminsa a fili, ka bi layin da bakin allura ko tsinin reza ka fitar da farin garin da ke bakin. In ba ka yi wannan ba man da za ka zuba datti zai sha.

4. Jiƙa, ka tafi harkarka

Zuba man a layin nan ka zagaye. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka yi masa ɗan dam, ka naɗa tsumma siriri a gindin ka jiƙe shi sharkaf, ko ka kewaye wurin da yumɓu ko sabulu ka cika da man ya kwanta. Injin 504 a kishingiɗe yake, an kwantar da shi digiri 45, don haka in ka ga man gefe ɗaya yake son gudu, sai ka fi ba gefen sama.

Bayan ka zuba, ɗora katako a gindin jikin, can ƙasa inda yake da kauri, ka riƙa ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma ta kowane gefe da za ka iya kaiwa. Ƙwanƙwasa fa, irin ta mai sallama a ƙofa. Girgizar ce ke fasa garin ta buɗe wa mai hanya. Minti biyu ya isa, ƙara mai, ka tafi. Safe da yamma haka. Wanda bai yi nisa ba kwana ɗaya ya sake, wanda ya shekara goma a waje yakan kai kwana huɗu ko biyar. Na san mai mota zai dame ka da waya. Gaya masa tun farko cewa abin na kwanaki ne, in ya matsa ka tambaye shi ko yana da wani distiributan a ajiye.

5. Zafi da sanyi

In motar na tashi, babu abin da ya kai injin kansa iya gasa wurin. Maida murfi da rota da wayoyi da kwandansa in ka cire shi, ɗaure batir, goge man da ya malale, tada ta ta yi zafi sosai, kashe, cire batir, zuba mai a gindin yana da ɗumi. Yayin da yake hucewa yana zuƙar man ciki. Sannan ɗora ledar ƙanƙara a jikin distiributa kawai, minti biyar zuwa goma, bulok na da zafi shi kuma ya yi sanyi ya tsuke, a daidai wannan lokacin ake gwada murɗawa.

In ba ta tashi, tafasasshen ruwa. Toshe saman distiributa da leda kar ruwa ya shiga ciki, kwarara ruwan a kan ƙarfen da ke kewaye da wuyan, buta biyu ko uku a jere, busar da wurin, zuba mai, sa ƙanƙara. Bindigar iska mai zafi ta fi tsabta, ita ma ƙarfen kewaye za ka nufa. Ko bai motsa a zagayen farko ba kar ka ce bai yi ba, kowane zafi da hucewa yana murƙushe garin nan kaɗan kaɗan saboda ƙarafan biyu ba tare suke buɗewa ba. Sau uku, sau huɗu.

Wutar walda ta gas kuwa ni ba na ba mai koyo shawararta sam. A 504 mai kafireta famfon fetur da tiyonsa suna nan kusa, tunda kamshaf ɗaya ke tuƙa su da distiributa, ga asiton da ka jiƙa wurin da shi wanda ko tartsatsi ya gani ya kama. Kuma alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, yana nan fari fat har ya kai wajen digiri 660 sai kawai ka ga ya zube. A Beetle abin ya fi haka haɗari, kwankwason injinta na haɗin magniziyam ne, in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa ƙarfi ma yake yi. Ɗora mayen ƙarfe a wurin kafin ka kawo kowane irin zafi, in ya kama to ƙarfe ne, in bai kama ba ka tsaya a ruwan zafi. Nan ma wani abu, in ramin kansa alminiyam ne to zafin ya fi yi maka aiki, don ramin zai buɗe sosai.

6. Murɗawa

Nan ne aikin yake. Naɗa bel ɗin sifanar filta a jikin, ƙasa iya yadda za ka iya, kusa da gindi. In ka kama sama inda murfi ke zama, wurin kamar kofi yake, siriri ne, zai lotse ko ya tsage, kuma ƙarfinka zai tafi wajen lanƙwasa wuya maimakon juya shi. In fambel ne, zagaya shi sau biyu, matse bakin da filaya mai kulle dab da jikin, filayar ta zama mariƙi. Goge mai daga jikin tukuna, in yana zamewa sa guntun samfefa a ƙarƙashin bel, gefen yashin na kallon distiributa.

Ja hagu da nauyi mai ɗorewa, ba fizga ba, riƙe daƙiƙa goma, sannan dama. In akwai mai taimako ya riƙa ƙwanƙwasa gindin da katako kana riƙe da nauyin, haɗin nan biyu yana sakin abin da kowanne shi kaɗai ya kasa. Idonka na kan layin da ka karta. Farkon motsin ba ka jinsa a hannu, sai dai ka ga layin ya ɗan goce, ko ka ga man da ke gindin ya yi baƙi yana fitar da 'yan kumfa. Da ka ga haka tsaya. Zuciya za ta ce maka ƙara ƙarfi ka gama, kar ka bi ta, garin gyaran gira ake rasa ido. Zuba mai, koma baya inda ya taso, dawo, koma, kowane zuwa yana ɗan ƙara faɗi, baƙin ruwa na fitowa kana gogewa kana zuba sabo. Minti ashirin ko talatin a haka har ka ga yana juyawa da hannu.

In bel ya ƙi riƙewa, wasu jikin suna da ɗan kunne ko tudu mai kauri a gindi, ɗora sandar tagulla a kai ta gefe yadda dukan zai tura shi ya juya, bugu uku ta nan, uku ta can. Sifanar famfo mai haƙora kuwa sai in ka riga ka yanke cewa wannan distiributan ba zai koma ba, ko da ka naɗa fata tana barin tabo kuma tana matse jikin ya kama shaf.

7. Ɗagawa

Sai yana juyawa ake ɗagawa. Riƙe da hannu biyu, kana murɗawa hagu da dama kana ja sama a kan layin da yake tsaye, in a karkace yake, bi karkatarsa. Yawanci a haka yake fitowa. In ya taso kaɗan ya tsaya, zoben roba ne ko datti a ƙasan wuyan, maida shi ƙasa, zuba mai a sararin da ya buɗe, sake tasowa.

In yana bukatar taimako, katakon nan biyu masu bakin gatari, ɗaya ta kowane gefe suna fuskantar juna a ƙarƙashin kafaɗar jikin, ka riƙa buga su bi da bi, wannan sau ɗaya wancan sau ɗaya, don ya tashi a miƙe. Liba ma biyu ake sawa, da katako a ƙarƙashin kowacce, a danna tare. Liba ɗaya ita ce ta yi min abin da na ba ka labari.

Wata hanya in wuri ya ƙure: ɗaura igiya mai ƙarfi a ƙarƙashin kafaɗar ta gefe biyu, rataya a cembulok, sarƙar ɗaga inji, ja har igiyar ta yi tauri kawai, ba har motar ta fara tashi ba, sai ka ci gaba da ƙwanƙwasa da murɗawa, ko ka bar shi a haka ya kwana da mai.

Lura da rota yayin fitowa, ka maida ta kan shaf don wannan. A 504 da tsohuwar Land Rover gindin distiributa harshe ne da ke shiga tsaga, kuma tsagar ba a tsakiya take ba, don haka hanya ɗaya kawai yake zama, rota ba ta juyawa in ana cirewa. A Land Cruiser 2F da injinan V8 na Chevrolet da Ford giya ce mai karkatattun haƙora a gindin, kana ɗagawa rota na juyawa kaɗan, to yi alama ta huɗu inda ta tsaya bayan ya fita, daga nan za ka fara in za ka mayar. A V8 na Ford akwai siririn shaf mai kusurwa shida da ke tuƙa famfon bakin mai, wani lokaci yakan biyo distiributa ya taso sannan ya suɓuce ya faɗa kwanon mai, don haka ɗaga a hankali kana leƙawa. A Beetle kuma muddin distiributa na waje kar a juya injin, shaf ɗin da ke ƙasansa zai iya hawowa ya ɓata giyar tagullar da ke kan kiranshaf, akwai kuma ɗan sifirin a tsakiyarsa, duba yana nan.

Yana fita, tsumma a ramin nan take.

8. In duk wannan ya ƙi

Sati ya wuce, zafi sau biyar, ko gezau. To nemo wani distiributan tukuna ka riƙe a hannu, na 504 gwanjo ba ya wuya a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka je da lambar da ke jikin naka, don Ducellier da Paris-Rhône duk sun yi wa Peugeot kuma kwantak ɗinsu, ƙarafan nan biyu na ciki da ke buɗewa da rufewa su yanke wuta, ba ɗaya ba ne. Sai kana da madadi za ka fara hanyoyin da ke iya kashe na ciki.

Ta farko sifanar famfo a gindi, da zafi, yanzu ba ka jin tsoron tabo. Ta biyu daga ƙasa: a injinan da famfon bakin mai ke layi ɗaya da distiributa, a sauke kwanon mai a cire famfon, a leƙa da tocila, in ana hango gindin jikin sai a zura doguwar sandar tagulla a buga shi sama. Jikin za a nufa. In ka daki shaf, zai tsinke abin da ke riƙe da shi ya fito ta sama ya bar maka jikin a inda yake.

Ta ƙarshe, in kan ya riga ya ɓalle kamar nawa: fitar da shaf, cusa tsumma mai giris can ƙasan ramin ya tare gari, ɗauki ruwan zarton ƙarfe ka naɗe gefe ɗaya da tsumma, ka yanka wuyan daga ciki zuwa waje, tsaga biyu ko uku, a hankali kana dubawa kar ka shiga bangon ramin. In ya rage kaurin takarda sai ka lotsa ɓangarorin ciki da sukudireba su zubo. Mayen ƙarfe ba ya ɗaukar garin alminiyam, don haka giris ɗin nan shi ne mai tsaronka, jawo tsumman a hankali da duk abin da ya kama.

9. Gyara rami da mayarwa

Da tsumma a ƙasan ramin, naɗa samfefa a yatsa ko a sanda, ɗiga mai, goge bangon har farin garin da tsatsa su tafi. Wuyan distiributa ma haka, amma datti kawai za ka cire, in ka ci ƙarfen zai riƙa rawa a ramin, taimin ya riƙa yawo, mai ya riƙa tsatsafowa. Gwada shi ba zobe, ya kamata ya shiga ya juya da yatsu biyu. Kama shaf ka girgiza gefe da gefe, in yana kaɗawa sosai bush ya tafi, gyara shi yanzu da yake hannunka. Ɗiga bakin mai biyu a ɗan audugar da ke tsakiyar shaf ƙarƙashin rota, in akwai.

Sabon zobe, shafa masa bakin mai. Wuyan kuma giris shafe ɗaya siriri. Amma inda kilam ke kamawa da inda yake zama a kan inji bar shi ƙarfe tsirara mai tsabta, saboda ta jikin distiributa kwantak ke samun as, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin inji ta koma batir, in ka cika wurin da giris ko fenti wuta za ta yi rauni ka rasa dalili.

Ciro tsumman, ƙirga tsummokinka ma don ka tabbata babu wanda ya rage a ciki. Zura shi, juya rota har harshen ya faɗa tsagarsa ko giyar ta kama, kafaɗar ta zauna daram a kan ƙarfe ba sarari. Kar ka taɓa jawo shi ƙasa da noti. A 2F wannan maganar rai da mutuwar inji ce, ƙarshen shaf ɗin shi ke juya famfon bakin mai, in bai shiga ba motar za ta iya tashi lafiya tana gudu ba mai. In ya rage kaɗan ya ƙi zama, ɗan juya injin da hannu kana danna shi zai faɗa.

Daidaita layin da ka karta, rota na kallon alamarta, buɗin kwantak na 504 milimita 0.40. In kana son tabbatar da taimin ba ka da fitilar taimin, ƙwan mota mai waya biyu ya isa, ɗaya a kan wayar da ta tafi kwantak daga kwayil, ɗaya a jikin inji, kunna makulli, injin na kan alamar taimin ɗinsa, murɗa jikin a hankali, daidai inda ƙwan ya kama nan kwantak ya buɗe, ɗaure a nan. Ɗaurin kilam kaɗan ne, ya hana shi juyawa da hannu kawai.

Kafin ka tada, zubar da bakin man da ke ciki ka canza filta, duk kananzir da asiton da ruwan da ka yi kwanaki kana zubawa wani ya sauka can. Tada ta idonka na kan jar fitilar mai, in ta wuce 'yan daƙiƙu ba ta mutu ba kashe nan take ka sake duba zaman distiributan. Bayan haka duk lokacin da za ka canza kwantak, sassauta kilam, murɗa jikin kaɗan hagu da dama, ɗiga mai a gindin, ka maida shi kan layinsa.